Bugun da Ke Ratsa Bangon Saje Haggai

Da kafaɗa Saje Haggai ya bangaje ƙofar, har sakatar ta ɓalle ta faɗa cikin kwanon kunun da ke ƙasa. Ya shiga yana haki, takalmi ɗaya a ƙafa, sai ya tarar da Yari zaune daram a kujerarsa, kumburarrun ƙafafunsa bisa matashi, yatsunsa a kan mikisar da yake haɗa waƙoƙi da ita. Yari ya dubi tsohon, ya dubi ƙofar, dariya ta kama shi har ta koma tari.

"Baba Saje, yaƙi ya ƙare tun tuni. Ƙofata mi ta yi maka?"

Haggai bai ji muryar ba, a leɓe ya karanta maganar. Tun da igwa ta fashe kusa da shi a Laberiya kunnuwansa suka daina kama siririn sauti. Kukan tsuntsu, muryar mata, ƙararrawar majami'a, duk sun bar shi. Abin da ya rage masa shi ne mai nauyi: tsawa, daka, da wannan bugun ƙasa na kiɗa da samari ke kira bes, wanda ba a kunne yake jinsa ba, a ƙirji ne.

Shekara goma sha biyu bango ɗaya ne tsakaninsa da Yari, mai sa kiɗa a bukukuwan aure daga Zuru har Mahuta da Bena. Sau biyu Haggai ya kai ƙararsa gun mai unguwa saboda wannan bes ɗin. Amma a daminar 2006 ciwon zuciya ya kwantar da Yari, asibiti suka sallame shi da magunguna da kalmomin haƙuri. Matarsa Beatrice malamar firamare ce, tilas ta fita da safe ta dawo bayan azahar. Ta riga ta karɓi abin da ke tafe. Abu ɗaya ne ya hana ta sukuni: mahaifinta a gona ya rasu shi kaɗai, sai washegari aka tsince shi, kuma ba ta so mijinta ya tafi haka. Ta durƙusa gaban Haggai ta roƙe shi ya riƙa zama da Yari. Yari kuwa ya ce shi ba jinjiri ba ne da za a yi masa reno, kuma in ya yi kira kurma ba zai ji ba. Shi ne ya kawo dabara. Aka jingina babbar sifika da bangon da ya raba su. Muddin bes yana bugawa, lafiya lau. In ya ɗauke, Baba ya zo. Haggai ya ɗaga hannu kamar ranar da ya yi rantsuwar soja, ya ce wa Beatrice mijinta ba zai tafi shi kaɗai ba.

Wannan ita ce rana ta farko, kuma ga ƙofa ta ɓalle.

Haggai ya ce bugun ya tsaya, shi kuwa umarni ya bi. Yari ya yafito shi, ya kama hannunsa ya ɗora a kan baƙar takardar da ke cikin sifikar. Ya saki waƙa ɗaya. Takardar ta riƙa tunkuɗo tafin hannun tsohon, tana komawa, tana tunkuɗowa. Sannan ya sako ta biyu a kanta, yana ɗan jan ta baya. A wani wuri takardar ta yi rawa kamar za ta yage, a wani wurin kuma ta yi lis, ta kusa tsayawa cik, alhali fitilun na'urar suna ta tsalle.

Yari ya matso da bakinsa inda Haggai zai gani, ya bayyana masa a hankali. Bes ɗin waƙa ɗaya yana tura takardar waje, na ɗayar yana jan ta ciki a daidai wannan lokacin, sai su kashe juna. In kuma suka faɗo tare, sai su cika wurin da ruri. Kamar taɓarya biyu ne a turmi ɗaya, in ba a iya lugude ba, ko a fasa turmi ko a bar hatsi yadda yake. Saboda haka duk mai haɗa waƙa yakan murɗe bes ɗin wadda za ta fita, ya ɗan bar fili, sannan ya buɗe na wadda ta shigo.

"In ya ɗauke, ka ƙirga sha shida. Zai dawo. In bai dawo ba, to ka zo. Amma ka ƙwanƙwasa, Baba, katako ya yi tsada."

Kafin yamma labarin ya zaga unguwa. Matan da ke layin famfo suka sa masa suna Saje Mai Fasa Ƙofa, kuma ko da yake ba ya jin su, yana ganin haƙoransu. Da hannunsa ya gyara sakatar, bai yarda a kira kafinta ba.

Makonni suka wuce. Kullum da hantsi Haggai yakan shimfiɗa tabarma a ɗakinsa, ya jingina baya da bango, yana ɓarar gyaɗa. A hankali ya san waƙoƙin ta bugunsu. Akwai mai sauri ta 'yan Kamaru, akwai ta majami'a mai tafiya kamar fareti, akwai wata da Yari ya naɗo a wurin bikin gargajiya na Uhola ya ƙara mata nauyi. Idan bugun ya ɗauke sai leɓunansa su soma motsi. Yawanci a takwas yake dawowa. Da jikin Yari ya ƙara nauyi, hannunsa ya rage sauri, sai ya zama sha biyu, wani lokacin sha huɗu. Haggai ya lura, amma bai gaya wa Beatrice ba.

Ranar Laraba ce, bayan an yanke gero. Ta majami'a ce ke bugawa. Ta ɗauke. Haggai ya ajiye gyaɗar da ke hannunsa ya ƙirga, bai yi gaggawa ba, har sha shida. Bango ya yi shiru. Ya ɗaga kai ya dubi ƙwan lantarki, yana ci, ba wuta aka ɗauke ba. Ya dafa ƙasa zai tashi, sai haƙoran matan famfo suka faɗo masa a rai, da dariyar Yari. Ya ce a ransa wataƙila ya yi saurin ƙirga, mai ciwo hannunsa ba ya sauri. Ya sake farawa daga ɗaya.

A tara ya miƙe.

Bai ƙwanƙwasa ba, kuma bai buƙaci kafaɗa ba. Ƙofar a saye take kawai. Daga baya ya ji cewa tun ranar da ya gyara sakatar Yari bai sake sa ta ba.

Yari ya zame daga kujera, kansa jingine da ƙafar tebur, hannu ɗaya har yanzu a saman mikisa. Fitilun waƙoƙin biyu suna tsalle tare. Maɓallan bes kuwa, duka biyun a murɗe suke har ƙarshe. Haggai ya san Yari ba ya barin su haka, ɗaya na rufuwa ɗaya na buɗuwa. Wannan ba haɗa waƙa ba ce. Kira ne.

Ya zauna a ƙasa ya jawo kan Yari bisa cinyarsa. Idanun a buɗe suke. Leɓunan suka motsa, Haggai ya sunkuya don ya gani.

"Nawa ka ƙirga?"

Ya so ya ce sha shida. "Ashirin da biyar," in ji shi.

"Soja ya makara da tara." Gefen bakin Yari ya ɗan ɗaga. "Zauna, Baba. Kada ka tafi kiran kowa."

Haggai bai tashi ba. Ya karanta masa addu'ar Ubangiji da babbar muryarsa ta kurame, bai sani ba ko waƙoƙin sun rufe ta. Ya sa tafin hannunsa a ƙirjin Yari, kamar yadda Yari ya taɓa ɗora shi a kan sifika. Akwai bugu, ƙarami, ba a jere ba. Ya tsaya, ya dawo. Ya sake tsayawa. Haggai ya ƙirga sha shida. Bai ɗauke hannunsa ba, ya ƙirga wani.

A haka Beatrice ta same su bayan azahar, faya-fayan sun daɗe da ƙarewa, ƙafar tsohon ta sage a ƙarƙashin kan mijinta. Ta ajiye jakar littattafai a bakin ƙofa. Ba ta yi kururuwa ba. Ta durƙusa a gabansa, ta juyo da fuskarta sosai domin ya ga bakinta.

"Baba, shi kaɗai ne?"

"A'a, 'yata. Ina nan. Har ba'a ya yi mani."

Sai a lokacin ta kifa kanta a kafaɗar Yari. Maganar tara ɗin nan Haggai ya gaya mata bayan kwana uku. Ta saurara har ya gama, ta ce ai ya zo.

Bayan an yi jana'iza, Solomon ƙanen Yari ya zo da a-kori-kura ya kwashe kayan kiɗan. Sifikar ta bar shacinta a jikin bango, wuri mai kusurwa huɗu da fentinsa bai koɗe ba.

Ranar Asabar da hantsi Haggai ya shimfiɗa tabarmarsa inda ya saba, ya jingina, ya jawo kwaryar gyaɗa. Can sai ya ji wani abu a ƙashin bayansa, mai nauyi, a jere. Beatrice ce ta jawo turmi kusa da bango tana daka. Ya rufe ido. Da ta tsaya ta share gumi, hannunsa ya tsaya a kan gyaɗar, leɓunansa suka soma motsi.