Reshen da Ya Rufe Sheƙa

"Kai ka kashe su, malam, kai da kyamararka!"

Tsohuwar ta tare malamin da ke haya a gidanta, tana riƙe da sheƙar kurciya wayam. Jiya ya sare reshen lemon da ya rufe sheƙar, wai inuwa na ɓata masa hoto. Abin da ke cin ranta, ita ce ta riƙe masa tsani. Da safe shaho ya kwashe 'ya'yan.

"Haba Inna, ga su nan a hoto, sun fito raɗau."

"Hoton ne uwarsu za ta ciyar? Tana can tana ta zagaya bishiya. Wuce ka yi mata bayani da bakinka, ni kam ba ni da idon kallonta!"