Kajin Maƙwabci Sun Rame

Da safe na je sayen ƙwai wurin maƙwabcina mai kaji, sai na tarar da tsohuwata, uwar 'ya'yana, a bakin akurkinsa tana juye wa kajin tukunya. Shinkafar jiya ce, fara tas, har da mai a jikinta. Kajin suna ta wawaso, kowace ta yi ɓul-ɓul kamar an hura ta.

Mai kaji ya miƙo min ƙwan yana dariya. "Baba, ƙwan nan ai ɗan gida ne. Shinkafarka ce ta dawo maka cikin ɓawo."

Na biya shi na juya gida. A hanya na gano inda buhun shinkafata yake yoyo.

Mu biyu muka rage a gidan, yara duk sun watse. Babban ɗana ke kawo buhun shinkafa duk wata, kuma buhun ba ya kaiwa ƙarshe. Sai in ɗauki waya in ce a ƙaro. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina ƙera tukwane da bokitai, ban taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Kiran nan ya fi ciwon bayana ciwo. Na ƙudura a raina wannan watan ba zan yi shi ba.

Tana fita kasuwa na faɗa kicin, na ɗauko gwangwanin da take awo da shi. Na kife shi, na sa ƙaramar guduma na bubbuga gindinsa a hankali har ya shige ciki. Na mayar da shi buhu, na zauna a ƙofa ina kaɗa ƙafa kamar wanda ya ɗana tarko.

Da rana na leƙa. Ta ɗebo shinkafa, ta jinjina gwangwanin a hannu, ta dubi gindinsa, ta dube ni. Sannan ta zuba yadda ta saba, ta ƙara biyu.

"Wannan ƙarin na mene ne?" na ce.

"Ɗaya na abin da ka sace, ɗaya na rashin kunya. Malam, da furfurarka kake yi wa gwangwani ƙeta?"

"Kajin wani nake ciyarwa, sannan in sayi ƙwansu."

"To laifin gwangwani ne? Dubi tukunyar nan."

Na san ta. Ni na ƙera ta lokacin da yara suka cika gidan. Ana iya yi wa jariri wanka a cikinta.

"In na zuba na mutum biyu ko gindinta ba ya rufewa," ta ce, "sai ya ƙone kafin ya nuna. Kuma in wani cikin yaran ya faɗo, in ce masa babu?"

"In ya faɗo a ɗora masa sabo. Wuta ba ta yi tafiya ba."

Na miƙe na buɗe ɗakin kayan aikina. Bayan ƙofa akwai ragowar alminiyum da ƙura ta rufe. Na jawo shi na karkaɗe. Na yanka, na lanƙwasa, na buga. Unguwa ta sake jin muryar gudumata, har masu wucewa suna leƙowa. Kafin rana ta faɗi tukunya ta fito, 'yar dagwas, da murfinta da hannuwa biyu.

Tsohuwa ta juya ta, ta ƙwanƙwasa gindin. "Wannan ai ta wasan yara ce." Amma ba ta ajiye ta ba.

Washegari muka ci muka ƙoshi. Ɗan abin da ya rage ta rufe a firij, da safe ta soya shi da albasa, na cinye har na kankare kaskon. Daga nan abin ya kama ta fiye da ni. Tumatir ya fara laushi, ta niƙa ta dafa. Burodi ya bushe, ta gasa. In na rage loma a faranti sai ta ce, "Malam, kajin wa kake yi wa ajiya?"

Kullum da safe sai na zura hannu cikin buhu. Yana nan da nauyinsa.

Mai kaji ya yi sallama wata rana, fuska a yamutse. "Baba, ko na yi laifi ne? Kajina sun rame, ƙwan ma sai na lallaɓa su."

"Ka saya musu dusa. Akwai ta a kasuwa."

Da wata ya ƙare ɗana ya shigo da sabon buhu a kafaɗa, yana haki.

"Baba, shiru ban ji kiranka ba, har na tsorata. Wayar ce ta lalace?"

Na ja hannunsa zuwa kicin, na buɗe bakin tsohon buhun. Ya zura hannu, shinkafa ta shanye shi har gwiwar hannu.

"Na wancan watan ne wannan?"

"Shi ne. Mayar da naka mota, ka kai wa 'ya'yanka."

Ya tsaya yana kallon ƙaramar tukunya a kan wuta, uwarsa tana auna na mutum uku.

"Baba, mu ma zubarwa muke yi kullum. Ka ƙera mana irinta mana."

"Zan ƙera," na ce. "Amma ka zo da kuɗinka. Ba na aikin kyauta."