Shuwakar Saratu

Adda ta riga ta sauka sau uku kafin Baba Gideon ya fito daga ɗaki.

"Kai! Kai ɗan nan! Wa ya aike ka?"

Joshua ya daskare. Shi da sauran matasan ƙungiyar taimakon tsofaffi ta unguwar Narayi sun zo nome ciyawar gidan ne saboda sauro. Tun da soja suka koma bariki ake jiran kansila ya turo leburori. Hotunansa ne kawai suka iso, a jikin bango.

A cikin ciyawar da Joshua ya sare, ga shuwaka kwance. Saratu, matar Baba, ita ta dasa ta. Bara ta rasu. Baba ya sayar da keken ɗinkinta, ya rabar da zannuwanta, amma shuwakar ko ganye bai yarda a tsinka ba, har ciyawa ta rufe ta.

"Baba, ka yi haƙuri, ban gani ba."

"Ba ka gani ba. Gwamnati ma ba ta gani. Ku fita mini daga gida."

Sauran suka fara tattara fatanyu. Celina, shugabarsu, ba ta motsa ba. Ta durƙusa ta ɗauki reshe ɗaya, ta kankare shi da farce. Ɗanye shar.

"Joshua, ba ni addar."

"Ƙarasa ta za ki yi?" in ji Baba.

"I, Baba."

Ta daddatsa rassan guntu-guntu. Joshua ya ja kunyar shuka a gindin katanga. Suka kakkafa su a karkace kamar rogo, suka zuba ruwan rijiya.

"Haka Mama Saratu ta ba uwata tata shuwakar," Celina ta ce. "Rabin miyar layin nan daga gidanka ta fito."

Baba ya daɗe yana kallon jerin. Shekara da shekaru yana karanta jarida a ƙofar gidan nan, wannan labarin bai taɓa jin sa ba.

Guntaye kaɗan suka rage a ƙasa. Ya sunkuya da ƙyar ya tsince su.

"Daga nan gidan wa za ku?"

"Gidan Mama Edith."

"Ku kai mata. Ku ce daga Saratu." Ya juya ga Joshua. "Kai kuma, gobe ka zo ka ba su ruwa. Ka bar addar a gida."