Hawan Dirkje na Ƙarshe

"Ki tura mana, Aleida! Ko yau ma ba ki karya ba ne?" in ji Dirkje.

"Tura ki nake yi. Ke ce kamar buhun dankali."

Suna tsakiyar matakalar da ke hawa zuwa ɗakin amintattu masu gudanar da gidan, can saman ƙofar gida. Matakalar katako ce a miƙe kamar tsani, kuma ba ta da abin dafawa, don gidan yana cikin gine-ginen tarihi da aka hana taɓawa. Ko ƙusa ba a bugawa sai da izini. Wani attajirin mai sayar da yadi ne ya gina shi a nan birnin Leiden, shekaru ɗari uku da suka wuce, ƙananan ɗakuna kewaye da tsakar gida mai ciyawa da famfo, domin tsofaffin matan da ba su da kowa. Dokar da ya bari tana nan har gobe: wadda ta kasa kula da kanta, sai a mayar da ita gidan jinya.

Ba wanda ya taɓa cewa walimar shekara gwaji ce, amma duk macen da ke gidan ta sani. In sanyi ya shigo, amintattu kan kira su sama a ba kowa kofi da burodi mai zabibi. Wadda ba ta hau ba, kafin bazara an kwashe kayanta.

Ita kuwa Dirkje tun kaka ba ta ƙara hawa ko benen ɗakinta ba, a kujera take kwana a ƙasa. Aleida kaɗai ta sani, don ƙofofinsu na kallon juna, kuma ita ke share mata bakin ƙofa ta goge mata taga don kada a gane. Ba wai ƙawaye ba ne fa. Sun daɗe suna faɗa a kan igiyar shanya. Sai dai mijin Aleida ya rasu, ɗanta da ke Kanada ba ya kira sai Kirsimeti, kuma a duk faɗin duniya Dirkje ce kaɗai ta damu da ita har take zaginta kullum.

"Bari in ɗan huta," in ji Dirkje.

"Ba a nan ba. Ga Kuiper can yana leƙe."

Kuiper, mai kula da gidan, ya sunkuyo daga sama, ya kira Dirkje da sunanta na girmamawa. "Mevrouw Zwart, in zo in kama ki?"

"Ka kama wa? Wannan tsohuwar ce ta riƙe mini siket, tana tsoron ta gangara. Je ka zuba kofi, yaro."

Aleida ta ɗago kai ta ga idon Kuiper ya dawo kanta. Ta san abin da kallon yake nufi, ta kuma san inda zai kai labarin.

"Gwiwata ce," ta ce. "Yau ta tashi."

Haka suka isa sama. Dirkje ta zauna ƙarƙashin hoton attajirin da ya gina gidan, da baƙar hularsa, leɓɓanta sun yi duhu. Duk da haka ta cinye burodinta tas, sannan ta dubi shugaban amintattu.

"Bana kun rage zabibin. Da marigayi ya gani, da ku za a fara kora."

Aka kwashe da dariya. Shugaban ya ce ai Mevrouw Zwart sai ta binne su duka, sannan ya tambayi Aleida ko ta ga likita a kan gwiwar nan.

Da suka sauko, Dirkje ta jingina da famfo tana haki.

"Mun ci su. Shekara guda kuma."

"Kada ki gode mini."

"Wa ya ce zan gode? Saura kaɗan ki yaga mini siket."

Daga ranar ba ta sake tashi daga kujerar ba. Aleida na kai mata miyar wake, ita kuma tana cewa gishiri ya yi yawa, ta sha cokali biyu ta ture. Wata safiya Aleida ta shiga da kwano, ta tarar da ita bargo a cinya, fuska ta juya wajen taga. Ta kira sunanta, ta sake kira. Haushi ta fara ji, kamar an tafi an bar ta a tasha. Daga baya ta tuna cewa ita ce da hannunta ta tura ta saman nan, sai ta ajiye kwanon ta zauna a ƙasa. Kaɗaicin da take gudu tun rasuwar mijinta ya zo ya same ta a ɗakin wata.

Da azahar masu jana'iza suka zo da akwati. Ƙofar ƙarama ce, kuma da ka shiga sai ka ci karo da bene. Suka gwada ta tsaye, suka gwada ta gefe, akwatin ya ƙi shiga. Gadon ɗaukar gawa ma ya ƙi juyawa.

"Sai a cire taga," in ji babbansu.

"Tagar nan?" Kuiper ya dafe kai. "Gilashin nan ya girmi kakan kakanka. Sai kafintan da aka amince da shi ya zo, shi kuma sai gobe."

"To mu naɗe ta a zanen gado, mu fitar da ita a tsaye."

"Ba katifa ba ce," in ji Aleida. Muryarta ba ta ɗaga ba, amma ta riga ta tsaya a bakin ƙofar. "Gobe ku dawo."

Suka dubi juna, suka dubi Kuiper. A ƙarshe suka kwantar da Dirkje a kan shimfiɗa a ƙasa, suka ajiye akwatin a tsakar gida, suka rufa masa tamfol, suka tafi.

Aleida ta shiga ta mayar da ƙofa. Ta gyara wa Dirkje gashin da ya faɗo mata a goshi.

"To, kin gani," ta ce. "Har yanzu sun kasa fitar da ke."

Ta jawo kujera ta zauna kusa da ita. A waje yayyafi ya soma sauka a kan tamfol ɗin.