Na Ukun Lawwali

A zamanin Turawa, shekarar da En'e ta buɗe ɗakin shan magani a Isa, Saude ta koma gidan iyayenta a Tsamaye ta haifi ɗanta na fari. Ran wanka na biyu ungozoma Hajjo ta laluba gaban jaririn, ta sake lalubawa, ta saki salati. 'Ya'yan marainansa uku ne, ba biyu ba. Ta ce asiri ne, kada kowa ya ji. Kafin la'asar ita da kanta ta raba wa matan bakin rijiya asirin, kowace da gargaɗin kada ta faɗa.

Uban yaron, Halliru, wanda ko kaza ba ya iya yankawa sai ya runtse ido, ya shiga kasuwar Sabon Birni yana taku ɗai-ɗai, wai jinin mayaƙan tsohon birnin Alkalawa ne ya dawo ta tsatsonsa. Amma mahaifin Halliru, tsoho Sodangi, ya ce ajiyar aljanu ce, dole a fid da ita ran suna. Nan take jarumin ya ce to.

Saude tana jin komai ta bayan zana. Kunyar ɗan fari ta ɗaure mata baki: ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta ɗaukarsa, nono ma sai an matsa mata tana kawar da kai. Sai ɗaki ya zama babu kowa take duba shi. Ba kumburi, ba kuka, yana tsotso kamar ɗan maraƙi.

Ran suna aka raɗa masa Lawwali. Na'Allah wanzami ya baje zabira a tsakar gida, ya aske kan, sannan ya zaro wata aska yana wasa ta a tafin hannu.

"Cindo nawa na yanke a ƙasag ga?" in ji shi. "Abin da ya yi yawa, aska ta san shi."

Hajjo ta kwance zanen jaririn. Saude ba ta san sa'ad da ta fito ba.

"Baba wanzami, cikin ukun wane za ka cire?"

Na'Allah ya taɓa na dama, ya taɓa na hagu, ya dubi Sodangi.

"Na tsakiya mana," in ji tsohon.

"A'a, ƙaramin dai," in ji Hajjo.

"In an buɗe ai mu gani," Na'Allah ya ce.

"In ka buɗe ka cire na Allah, ka bar na aljanun hwa?" Saude ta sunkuya ta sure yaron. "Ba a taɓa min Lawwali. Isa za ni kai shi."

Mahaifiyarta ta dafe ƙirji. "Saude! Sunan nashi kika kira? Gaban surukanki?"

Halliru ya dubi ubansa, ya raɓe a bayansa.

Washegari kawunta Wada, mai fatauci da jakuna, ya ɗora ta a kan ɗaya, da ɗanyen jegonta. A Isa malamin asibiti, Amiru, ya wanke hannu ya duba yaron a natse. Ya ce shi bai taɓa gani ba, amma likitan da ya koya musu aiki a Sakkwato ya faɗa musu akan haifi irinsa jefi-jefi. Tunda duk ukun sun sauko, a bar su. Ta riƙa kawo shi kowace kaka, in kuwa ta ga kumburi ko kukan da ba ya tsayawa, kada ta jira gari ya waye sau biyu.

Lawwali ya yi rarrafe, ya yi tafiya, da abinsa cif. Kafin a yaye shi Tsamaye ta manta da lissafin. Abin da ba ta manta ba shi ne matar da ta ambaci sunan ɗan fari a gaban suruki. Shekara da shekaru in yarinya ta yi rashin ta-ido, sai a ce, "Ke, Saude za ki zama?" Na'Allah kuwa har ya mutu yana cewa an hana shi aikin da ya fi gwanancewa a kai.