Bangon da Ke Numfashi a Bab Makka

Bangon yana zufa. Injiniya Abdulghani Dabo ya ɗora tafin hannunsa a kai, ya ɗago shi da danshi da farin gishiri. Gidan hawa huɗu ne, a wani lungu bayan tsohuwar ƙofar garin da ake kira Bab Makka, an gina shi da dutsen murjani da aka sassaƙo daga bakin teku tun kafin a haifi kakan kowa a unguwar. Tagoginsa na katako sun leƙo titi, duk sun sunkuya don tsufa.

"Siminti," in ji Hamad, ɗan kwangilar da ya karɓi aikin gyaran, wanda kuma shi ne kafilin Abdulghani, wato mai riƙe da takardun zamansa a ƙasar. "A shafe shi sumul kafin azumi. Yalla, ya muhandis."

"Shaikh Hamad, siminti kashe shi zai yi. Nura yake so."

Nura ita ce farar ƙasar da magina na da suke kwaɓawa su yaɓe irin waɗannan gidaje. Tana da nawar bushewa, Hamad kuwa mutum ne da ko shayi ba ya jira ya huce.

Abdulghani bai san darajar farar ƙasa a Kano ba, inda aka haife shi. Sai da karatun zanen gine-gine ya kai shi ƙasar Ailan, inda ruwan sama ba ya neman izinin kowa. Ya je da zumuɗin koyon benen gilashi, aka haɗa shi da wata malama mai son tsofaffin duwatsu kamar ta haɗa jini da su. Ta kai su hasumiyoyin zagaye na masu ibadar da, waɗanda ƙofarsu take can sama sai da tsani. Ta zaga da su layukan gidajen jan bulo na birnin Dablin, kowace ƙofa da launinta, da tagar rabin wata a kanta. A lokacin hamma kawai yake yi. Sai ranar da ta kai su wani ƙauye a yammacin ƙasar, gaban ɗan gidan dutse mai rufin ciyawa da jikokin mai shi suka shafe da siminti don a ce sun waye. Ta miƙa masa guduma. Ya fasa simintin, sai ga ruwa na tsatsowa, ƙasar da ke riƙe da duwatsun ta zama kunu. Ta ce tsohon bango yana shan ruwa yana fitarwa, idan aka toshe shi sai ya ruɓe daga ciki.

A nan tsaye cikin yayyafi ya tuna gidan kakansa a Dala. An kankare yaɓen makuba an sa siminti, dangi na ta murna, damina kaɗan bayan haka soron ya zauna. Sai da ya haye teku kafin ya gane abin da ya ci gidansu. Abin ya yi masa ciwo, kuma ciwon bai bar shi ba.

Ya faɗa wa Hamad wannan duka, a taƙaice. Hamad ya saurara yana jan carbi.

"Nan ba Ailan ba ce," ya ce. "Ka sa hannu a fara gobe. Kuma kada ka manta iƙamarka wata mai zuwa za ta ƙare."

Ba a buƙatar tafinta. In Hamad bai sabunta takardar zaman ba, sai jirgi.

A gida, a unguwar Waziriyya, matarsa Mastura ta ajiye ludayi ta dube shi.

"Baban Husaini, bangon nan naka ne? Yaran nan fa sun saba da makarantarsu. A kan ginin wasu za ka kwashe mu?"

"In na sa hannu, ni na rushe shi."

"To ai wani zai sa."

"Ya sa. Ba ni ba."

Ta ɗauki ludayinta ta juya masa baya. Shi ma tsoro ya kama shi sosai, don bai san abin da zai tarar a Kano ba.

Washegari ya tarar leburori sun yi gwaji, sun shafe gefen ƙofa da siminti. Ya karɓi guduma a gaban Hamad ya buga, ɓawon da bai gama kamawa ba ya zube. Ya buɗe wani tsohon faci na siminti da ke kusa, dutsen da ke bayansa ya marmashe a hannunsa kamar gari. Ya miƙa wa Hamad.

Hamad ya duba, har ya murza da yatsa. Ya gani sarai. Sai ya kaɗe hannunsa.

"Halas," ya ce. "Ka zo ofis ka karɓi fasfonka."

Ranar tafiya da safe, Abdulghani ya biya ta lungun. An gama. Gidan ya yi toka-toka sumul, masu wucewa na cewa masha Allah. Zai juya ke nan aka kira shi.

"Kai, muhandis! Haka za ka wuce ba sallama?"

Hajiya Tani ce, tsohuwar da ke haya a ɗakin ƙasa tana sayar da ƙosai a bakin kasuwa. Aikin Hajji ya kawo ta tun tana da ƙarfinta, ba ta koma ba. Duk rigimar nan a kunnenta aka yi. Ta ja shi ciki. Ta riga ta kwashe kayanta zuwa tsakiyar ɗaki, ta kankare tsohon fentin bangon da wuƙa, ga babbar roba cike da nura a jiƙe.

"Hajiya, mene ne wannan?"

"Shi Hamad waje ya ce a shafe. Cikin ɗakina bai isa ba, wallahi. Ka ce in an toshe shi ruɓewa zai yi, ko? To ya sha iska ta nan."

"Danshin fa duk kanki zai dawo. Ga sanyin ƙafa."

"Ɗan nan, a ƙarƙashinsa nake kwana. Gara ya jiƙa ni da ya danne ni. Nuna mini yadda matar nan taku ta Ailan take kwaɓawa."

Ya duba agogo. Mastura na can zaune kan akwatuna da yara, jirgi sai bayan la'asar. Ya cire agogon ya sa a aljihu, ya naɗe hannun riga, ya tsoma yatsa cikin robar.

"Ta yi ruwa," ya ce. "Ina yashi?"