Ragon da Aka Cire wa Ƙyalle

Damba direban babbar mota ne, shekara talatin yana jigilar gawayi. Taya ya sani, bai san tumaki ba. Rasuwar mahaifinsa ce ta dawo da shi jeji, shi da matarsa Tsermaa da matar ɗansu Ariuna, wadda a birni aka haife ta.

Kafin tsohon ya kwanta ciwo, ya kira lama, malamin addininsu, aka yi addu'a, ya ɗaura wa rago ɗaya hadag a wuya, shuɗin ƙyallen silikin nan da ake miƙa wa manya da hannu biyu. Daga ranar ragon ya zama na dutsen da suke bauta wa. Ba a yanka shi, ba a sayarwa, tsufa kaɗai ke kashe shi. Ragon kuwa tagwaye ne da wani, farare masu baƙin kai, kuma su biyun ne kaɗai masu ƙiba a garken. Sauran duk tumaki ne masu shayarwa.

Jiya kwana arba'in da tara na makoki suka cika. Yau dangi za su zo da rana, kuma ba a tarbar dangi da tukunya ba nama. Damba ya wasa wuƙa ya nufi garke, abu mai sauƙi: mai ƙyalle a bar shi, maras ƙyalle a kayar. Ya tarar da raguna biyu, wuya duk fayau.

Hadag ɗin yana kan igiyar tanti, an wanke shi tas, yana shan iska.

Aikin Ariuna ne. Ta ce ta ga ya yi dauɗa, ga baƙi na tafe, shi ne ta kwance ta wanke. Da ya tambaye ta daga wuyan wanne ta cire, sai ta nuna na dama. Ragunan suka zagaya, ta sake nuna na dama.

"Baba, wallahi mai kallon mutum ɗin nan ne," in ji ta.

Duk biyun suna kallonsa.

Tsermaa ta ce a kira sunan marigayin da ƙarfi, wanda ya waiwayo shi ne. Damba ya ce wannan shirme ne, sannan ya kira. Ba wanda ya waiwayo sai kare. Ya shafa wuyansu ko zai ji gurbin ɗauri, ya ji a na farko, ya ji a na biyu, ya koma na farko ya rasa.

Aka ɗauko maƙwabci Coijil a babur, tsoho da ya yi kiwo tare da marigayin shekara hamsin. Ya buɗe bakin kowanne, ya murɗa kunne, ya ce tabbas wanda ke ɗingishi ne. Aka kora su, ba mai ɗingishi. Coijil ya ce to wataƙila ya warke, ko kuma na bara yake tunawa. Lama kuwa yana can tafiyar yini guda.

"Tsoho, ka rufe ido ka kama ɗaya," Tsermaa ta ce wa mijinta. "Dutsen ma ba lallai ya bambance su ba."

Damba ya kama ɗaya ya kayar. Ragon bai ko yi shure-shure ba, kuma wannan ne ya tsorata shi. Ya sake shi ya kama ɗayan, wannan ya yi ta fizga, sai ya ga kamar ragon yana da hujja ne. Ƙura ta taso daga gabas, motocin dangi.

Ya shiga tanti ya buɗe akwatin mahaifinsa, ya ɗauko wani hadag. Ya ɗaura wankakken a wuyan ɗaya, sabon a wuyan ɗaya.

Dangi suka ci taliya da ɗan busasshen naman da ya rage, suka bi da shayin madara. Ba wanda ya yaba. Kawun Damba, Luwsan, wanda ya yi tafiyar awa shida da yunwa, ya ji labari ya ce wannan jahilci ne. Rago ɗaya aka yi wa addu'a, ɗayan nama ne kawai da aka yi wa ado.

Damba ya zare wuƙa daga kube, ya miƙa masa ta wajen ƙota.

"Gaskiyarka, Kawu. Je ka nuna min shi."

Luwsan ya fita ya tsaya bakin garke, ya daɗe. Da ya dawo ya ajiye wuƙar a kan tebur, ya tambaya ko akwai sauran taliya.